Yadda ake gano zubar iska a tiyon intakula idan motar dizal mai turbo ta rasa ƙarfi

A garejojin Birnin Kebbi da Jega da Yawuri, idan aka shigo da motar dizal wadda ta daina ja kuma tana turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi, hukuncin da ya fi saurin fitowa daga bakin mutane shi ne turbo ya mutu, ko kuma nozul sun lalace. Dukansu biyu gyara ne mai cin kuɗi, kuma dukansu biyu suna iya zama gaskiya. Sai dai akwai wani dalili na uku da ake yawan tsallakewa saboda ƙanƙantarsa, wato kilif ɗin da ke ɗaure tiyon iska a bakin intakula, na'urar da ke sanyaya iskar turbo, ya saki, iskar da turbo ya matso tana tsiyayewa waje kafin ta isa cikin injin. Ra'ayina shi ne bai dace a kwance turbo daga jikin mota ba, bai kuma dace a taɓa famfon mai ba, sai an tabbatar cewa hanyar iska a rufe take ruf tun daga bakin turbo har zuwa manifol, wato bututun da ke rarraba iska zuwa cikin injin, domin wannan binciken ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma ba ya cin lokaci mai yawa.

Kafin mutum ya fara bincike, yana da kyau ya san hanyar da iskar take bi. Hayaƙin da ke fita daga injin shi ne yake juya fanka ɗaya ta turbo, ita kuma tana haɗe da wata fankar a kan sanda guda, wadda take zuƙo iska daga matatar iska ta matsa ta da ƙarfi. Wannan sanda tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya idan mota tana aiki da lodi. Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, zafin da yakan wuce digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, saboda haka ake bi da ita ta cikin intakula domin ta huce kafin ta shiga manifol. Tsakanin turbo da intakula akwai bututu da tiyo, tsakanin intakula da manifol ma haka, kuma kowace mahaɗa kilif ne yake riƙe da ita. A mota ɗaya ana iya samun irin waɗannan mahaɗai shida ko takwas ko fiye, kuma saki a guda ɗaya kawai ya isa ya rage wa motar ƙarfi.

Wurin da intakula take ya danganta da irin motar. A Toyota Hilux ta dizal mai injin 1KD ko 2KD takan kasance a saman injin, ƙarƙashin ƙofar iskar da ke kan bonet, a sabuwar mai injin 1GD kuwa tana gaba kusa da lagireto. A ƙananan motocin Volkswagen masu injin TDI, kamar Sharan da Golf, tana ƙasa bayan bamba, inda ruwa da laka da duwatsun hanya suke samun ta. A manyan motoci irin DAF da MAN da Howo kuwa babba ce, tana tsaye a gaban lagireto. A lura cewa Hilux da yawa a ƙasar nan na fetur ne masu injin lita 2.7, waɗanda ba su da turbo ko kaɗan, don haka wannan bayani bai shafe su ba.

Mutane da dama suna raina ƙarfin da kilif yake riƙewa. Ƙananan injinan dizal sukan yi aiki da ƙarin matsin iska na kimanin ba 1 zuwa ba 1.5 a kan matsin iskar sarari, ba a nan shi ne ma'aunin matsi da ake kira bar a Turance. Idan faɗin bakin tiyo santimita 7.5 ne, matsin ba 1 kaɗai yana tura shi da ƙarfin da ya kai kilo 45, wato kusan nauyin buhun siminti yana jan tiyon domin ya fisge shi daga bututu duk lokacin da direba ya taka totur. Sa'an nan ga zafi da sanyi suna musanya a kansa kullum. Roba tana lotsawa a ƙarƙashin ɗaurin ƙarfe idan ta daɗe tana shan zafi, har ta yi siriri a daidai wurin, sai kilif ɗin da aka ɗaure tam a bara ya zama yana juyawa da yatsa a bana. A yankinmu, inda zafin watannin Maris da Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, kuma motoci suna ɗaukar shinkafa da albasa da gero a kan hanyoyi masu ramuka, wannan lotsawa tana zuwa da wuri. Akwai kuma dalilin da ya fi kowanne yawa, wato an cire tiyon domin wani aiki dabam, kamar wankin lagireto ko canjin bel, aka mayar da shi cikin gaggawa ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba. Saboda haka tambaya ta farko da makanike zai yi wa mai mota ita ce: "Alhaji, wane aiki aka yi wa motar nan na ƙarshe, kuma tun kafin aikin take wannan hali ko bayansa?" Amsar takan nuna mahaɗar da za a fara dubawa.

Alamomin zubar iska suna da kamanni da na wasu cututtukan injin, amma idan aka haɗa su wuri guda sukan bambanta. Motar tana tashi lafiya, tana tsayawa a silo lafiya, a cikin gari ma direba ba zai ga wani canji sosai ba. Matsalar tana bayyana ne idan an fita babbar hanya da lodi, misali daga Jega zuwa Koko, aka zo wuce wata mota ko hawa tudu, sai a taka totur har ƙasa amma motar ta ƙi amsawa, direba ya riƙa sauko da giya a wuraren da a da ba ya saukowa. Baƙin hayaƙi yana biyo baya domin man da ake fesawa ya fi ƙarfin iskar da ke isowa, bai ƙone duka ba, kuma shan mai yana ƙaruwa. Sau da yawa ana jin huci ko fito daga gaban mota wanda yake tashi tare da taka totur, ya ɗauke da zarar an ɗaga ƙafa. Wannan ya bambanta da kukan turbon da ya ci kansa, wanda yake da kaifi kamar jiniya, wani lokaci har da ƙarar gogar ƙarfe. A motocin da ke da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, fitilar injin tana iya kamawa, motar kuma ta taƙaita ƙarfinta da kanta har sai an kashe an sake tayarwa. Idan kuwa tiyon ya fisge gaba ɗaya, direba yakan ji ƙara guda kamar fashewar taya, nan take ƙarfi ya ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe.

Binciken farko da ido da hannu ake yin sa, injin a kashe kuma ya huce, domin jikin turbo yana ƙona fata ko bayan an kashe mota da daɗewa. A samu tocila mai haske da ƙaramin madubi, a fara daga bakin turbo, a bi hanyar iska mahaɗa bayan mahaɗa ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Abin da ake nema shi ne danshin baƙin mai. A yawancin injina, tururin man da ke fitowa daga cikin injin ana mayar da shi ne ta tiyon da ke gaban turbo, saboda haka kullum akwai ɗan maiƙo a cikin bututun iska, kuma duk inda iska take tsiyaya sai ta fito da shi. A ƙasarmu mai ƙura wannan alama ba ta ɓuya. Sauran injin zai kasance da busasshiyar ƙura ja ko fara, amma a bakin mahaɗar da ke zuba za a ga ƙurar ta jiƙe ta yi baƙi ta daskare, wani lokaci ma a ga feshin man ya zana layi a jikin abin da ke fuskantar wurin, kamar murfin batir ko cikin bonet. Inda layin ya nufo, nan ne bakin zubar. A duba ƙasan mahaɗar da madubi, domin maiƙon yakan taru a can, kuma kan kilif ɗin ma sau da yawa a can yake ɓoye.

Bayan ido sai hannu. A kama tiyon kusa da mahaɗa a gwada murɗa shi. Tiyon da aka ɗaure daidai ba ya juyawa a kan bututu, idan ya juya to ɗaurin ya saki. A duba kuma inda kilif ɗin ya zauna. Kusan kowane bututun iska yana da ɗan tudu da ya zagaye bakinsa, kuma an yi shi ne domin ya tare tiyo kada ya zame. Wajibi ne kilif ya zauna a bayan wannan tudu. Idan ya hau kansa, ko ya karkace rabi a gaba rabi a baya, to ko an ɗaure shi da dukan ƙarfi iska za ta samu hanya. Akan ga wani zobe mai tsabta a jikin bututu, inda babu ƙura, daf da ƙarshen tiyon, wanda yake nuna cewa tiyon ya ja baya daga mazauninsa na asali. Sa'an nan a matsa jikin tiyon da yatsu tun daga farko har ƙarshe, musamman a lanƙwasa da wurin da yake gogar wani ƙarfe, domin tsaga takan rufe bakinta idan babu matsi, sai an matsa ta take buɗewa. Tiyon da ya yi laushi ya kumbura saboda shan mai ya gama aiki. A wasu motocin Volkswagen ba kilif mai noti ake amfani da shi ba, bakin tiyon ne yake shiga cikin bututu, wata lanƙwasasshiyar waya ta riƙe shi, zoben roba kuma ya toshe iska. A irin waɗannan, kunnuwan da wayar take kamawa ne suke cinyewa, sai a ga bakin yana girgiɗi idan an jijjiga shi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsayar da mota a gareji, a yi ta taka totur ba giya, a kasa kunne, idan ba a ji huci ba a ce babu zuba. Injin da ba ya jan kaya ba ya fitar da hayaƙin da zai juya turbo sosai, don haka matsin da yake samarwa kaɗan ne, kuma mahaɗa da yawa ba sa buɗewa sai matsi ya yi ƙarfi. Wannan gwajin yana kama babbar zuba ne kawai.

Idan akwai na'urar gwaji ta kwamfuta, a jona ta a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0299 ita ce take nuna cewa matsin turbo bai kai yadda ƙwaƙwalwar mota take nema ba, amma ba ta faɗin dalili, kuma babban zalunci ne a sayar wa mutum turbo saboda wannan lamba kaɗai. Abin da ya fi amfani shi ne karatun sansan MAP, wanda yake auna matsin iska a manifol. A buɗe makulli ba tare da tayar da injin ba, ya kamata a ga matsin iskar sarari, wanda a garuruwan Kebbi yake ƙasa kaɗan da 100 kPa, ma'aunin da 100 ɗinsa yake daidai da ba 1. Idan karatun ya yi nisa da haka, to sansan ne da kansa ya toshe da kunkunniya ko ya lalace. Wannan yana kuma tuna mana cewa yawancin na'urori suna haɗa matsin sarari a cikin lissafi, don haka 200 kPa a fuskar na'ura yana nufin ƙarin matsi na kimanin ba 1 ne kawai. Daga nan sai a fita hanya mutum biyu, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da na'ura, a sa giya ta uku, a taka totur sosai tun injin yana ƙasa-ƙasa, a kwatanta matsin da ƙwaƙwalwa take nema da wanda ake samu. Idan na biyun yana tashi a hankali kuma ya tsaya ƙasa da na farkon, ga huci, ga hayaƙi, to zargin zubar iska ya yi ƙarfi.

Gwajin da yake yanke hukunci shi ne a cika hanyar iskar da iska daga waje alhali injin yana kashe. Kayan aikin mutum yana iya haɗa su da kansa. A nemi murfin bututun ruwa na roba mai tauri wanda faɗinsa ya yi daidai da tiyon da ke shiga turbo, a huda tsakiyarsa, a sa bawul na tayar da ba ta da tif, irin wanda kowane mai faci yake da shi. A cire tiyon daga wajen matatar iska, a cusa murfin, a ɗaure shi da kilif mai kyau. Kafin a sa iska, a cire ƙaramin tiyon tururin mai a toshe raminsa ta ɓangaren bututun iska, a kuma buɗe murfin zuba baƙin mai, domin kada matsi ya taru a cikin injin ya ture robobin da ke tare mai. A nan ne ake buƙatar natsuwa, saboda tankin kwamfaresar mai faci yana ɗauke da matsin da ya ninka abin da ake buƙata sau da yawa, kuma idan aka sake shi gaba ɗaya yana iya fasa intakula mai lafiya. A riƙa sa iskar kaɗan-kaɗan ana duba geji, a fara da kimanin 5 psi, ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, a ɗaga zuwa 10, kada a wuce 15, wanda shi ne kusan ba 1. Kada kowa ya tsaya a saitin murfin, domin idan ya kuɓuce da ƙarfi yake fita.

Da zarar iska ta shiga, babbar zuba da kanta take sanar da wurinta. Ƙarama kuwa sai an bi ta da ruwan sabulu. A kaɗa garin sabulu a gorar ruwa, a huda murfin gorar, a riƙa fesawa a kowace mahaɗa, da jikin tiyo, da gefen intakula inda tankin roba ya haɗu da alminiyon, da mazaunin sansa. Inda iska take fita za a ga kumfa tana tasowa tana girma, wani wuri manyan ƙwayoyi masu fashewa, wani wuri kuma farar kumfa mai laushi da take taruwa a hankali a gefen kilif. Yayin da ake fesawa a riƙa girgiza tiyon da hannu, domin a kan hanya injin yana motsi, kuma akwai zubar da ba ta buɗewa sai an ja tiyon gefe. Kada a damu idan geji yana sauka a hankali ko da ba a ga kumfa ba, saboda wasu bawul na injin a buɗe suke a duk inda ya tsaya, iska kuma tana bi ta nan ta fita salansa. Wanda yake son ya gwada intakula da bututunta kaɗai yana iya cire tiyo a bakin turbo da bakin manifol ya toshe duka biyun, a nan kam matsin ya kamata ya tsaya.

Idan an gano mahaɗar, ƙara ɗaure noti kawai ba ya wadatarwa, domin mai ya riga ya shiga tsakanin roba da ƙarfe ya mayar da wurin mai santsi. A cire tiyon gaba ɗaya, a goge cikin bakinsa da bayan bututun har sai maiƙo ya fita sun bushe, a duba ko gefen kilif ya yanki robar, ko shimfiɗar cikin tiyon ta ɓare. A duba kilif ɗin ma. Irin wanda ake ɗaurewa da sukuddireba yana da haƙora a jikin ɗamararsa, idan sun cinye sai notin ya riƙa juyawa ba ya kamawa, ko ya kama ya sake da zarar mota ta yi tafiya. Wanda ya yi tsatsa ko ya miƙe a jefar da shi. A sayi mai faɗin ɗamara, mai santsin ciki, wanda girmansa ya dace da tiyon, domin wanda ya yi yawa ba ya zagayewa daidai. A manyan motoci an fi amfani da mai dogon noti, wasu har da sifirin da yake ci gaba da matsewa idan roba ta lotsa, kuma bai kamata a musanya irin wannan da ƙaramin kilif na tiyon ruwa ba. A tura tiyon har ya wuce tudun bututu sosai, ba tare da shafa giris ko mai ba, a zaunar da kilif a miƙe a bayan tudun, a juya kansa inda hannu zai iya kaiwa gobe, sa'an nan a ɗaure da soket, wanda yawanci lamba 7 ko 8 ne a ƙananan motoci. A ɗaure har tiyo ya daina juyawa kuma roba ta ɗan taso a gefen ɗamara, a tsaya a nan. Wuce haka yana yanka roba, yana kuma lotsa ko tsaga bakin intakula idan na roba ne. Ɗaurin waya da robar tsohon tif yana iya fitar da direba daga daji zuwa gari mafi kusa, amma bai kamata ya kwana a mota ba, haka kuma tiyon lagireto ba a yi shi domin jure mai da irin wannan zafi ba. Kafin a rufe, a tabbatar ba a manta tsumma ko noti a cikin bututu ba. Idan mahaɗa ɗaya tana yawan saki bayan an gyara ta, a duba robobin da injin yake zaune a kansu, domin idan sun mutu injin yana tsalle yana fisgar tiyon.

Jinkirin wannan gyara yana da tsada. Idan iska tana zuba, ƙwaƙwalwar mota tana tilasta wa turbo ya ƙara gudu domin ya cike giɓin, hayaƙi yana ƙara zafi, kunkunniya tana taruwa, har turbon da lafiyarsa ƙalau ya lalace da gaske. Sakin kilif a gaban turbo, tsakaninsa da matatar iska, ya fi wannan muni ko da yake ba ya rage matsi, domin ta nan ƙurar hunturu take shiga ba tare da an tace ta ba, ta cinye fikafikan fanka da zoben fistin.

Idan gwajin iska ya nuna babu zuba, sai a koma ga sauran dalilai, a fara da masu araha: matatar iska da ta toshe, filtar mai, ƙananan tiyoyin da ke sarrafa turbo, sandar da ke buɗe ƙofar hayaƙi ko fikafikan cikin turbo idan sun maƙale da kunkunniya, bawul ɗin EGR mai mayar da ɗan hayaƙi cikin injin idan ya tsaya a buɗe, zubar hayaƙi a manifol ɗin hayaƙi kafin turbo, da salansar da ta toshe. Bayan waɗannan ne ake cire tiyon gaban turbo a taɓa sandarsa da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne muddin fanka ba ta gogar gidanta, amma motsi gaba da baya, ko karyayyun fikafikai, suna nuna turbon ya tafi. Idan aka tarar mai ya taru da yawa a cikin intakula har yana zuba, a cire ta a tsiyaye a wanke ta ta bushe sarai kafin a tayar da injin, domin injin dizal yana iya zuƙar wannan mai ya riƙa gudu da shi ba tare da makulli ya iya kashe shi ba. Bayan kowane gyara a maimaita gwajin ruwan sabulu, a goge lambar da ke cikin ƙwaƙwalwa, a wanke tsohon maiƙo daga mahaɗar domin a gane idan sabo ya fito, sa'an nan mai mota ya dawo bayan kwana biyu ko uku na aiki a sake gwada ɗaurin da injin a sanyaye, saboda sabuwar roba takan ɗan lotsa bayan ta sha zafi karo na farko.